Daga shagon Sabon Layi zuwa tafkin Daɗin Kowa: Inbata da cajar da suka dace da kwale-kwale

Duk wanda ya bar cikin garin Gombe da asuba ya kama hanyar Biu, tafiyar kimanin kilomita 40 za ta kai shi Daɗin Kowa, a Ƙaramar Hukumar Yamaltu-Deba, inda aka datse Kogin Gongola tun a shekarar 1984. Bayan madatsar, ruwa ya shimfiɗe iya ganin ido. Daga nan ake tace ruwan da famfunan Gombe ke kawowa, kuma daga nan tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40 ke tura wuta zuwa babban layin ƙasa, bayan an shafe sama da shekaru 30 ana dakon ta.

Sai dai masuncin da ya kwana a kan wannan ruwa yana gadin komarsa, ko ɗigon wannan wuta ba ya kai wa gare shi. Abin da yake da shi bai wuce tocila ba, da wayar da cajinta kan ƙare tsakar dare, sai kuma sanin ruwan da ya gada daga iyaye.

A cikin gari kuwa, harkar wuta ta sauya kama a 'yan shekarun nan. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, janareta ya zama abin da ake tayarwa bisa lissafi. A watan Afrilun 2024 ɓarayi suka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, jihar da maƙwabtanta suka yi makonni cikin duhu. Waɗannan abubuwa biyu sun cika shagunan Sabon Layi da na Babbar Kasuwar Gombe da farantan sola, da batura, da inbatoci, da cajoji kala-kala. Tun da kaya sun zo kusa, babu mamaki mai kwale-kwale ya yi sha'awar ɗaukar irin wutar da ya gani a gidan maƙwabcinsa ya kai ta kan ruwa.

A nan ne gizo ke saƙar. Mai shago ya san wutar gida ciki da waje, amma da wuya ya taɓa zama cikin kwale-kwale ruwa na shiga ta ƙasa. Shawarar da zai bayar ita ce wadda ya saba bai wa magidanta: a sayi babbar inbata, domin gobe kaya za su ƙaru. A ɗaki wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. A kan ruwa kuwa takan jawo asarar kuɗi, wani lokaci har ta kai ga abin da ya fi kuɗi.

Abin da inbata ke ci tana zaune

Aikin inbata guda ɗaya ne. Tana karɓar wutar batir, wadda ake kira DC, mai ƙarfin bolt 12 ko 24, ta mayar da ita wutar soket, wato AC, mai bolt 230. Wannan juyi yana da lada. Ko inbata mai nagarta ce, daga cikin kowane wat 100 da ta zuƙa daga batir, kusan 10 zuwa 15 kan tafi a matsayin zafi. Amma babbar ɓarnar tana wani wuri da kwalin kaya ba ya cika faɗa: wutar da inbata ke sha don kawai tana kunne, ko da ba a jona mata komai ba.

Lissafin ba shi da wahala. Ana auna abin da batir ya ƙunsa da wat-awa, wato yawan wat sau yawan awoyin da aka yi ana amfani da shi. Batirin dalma mai bolt 12 da amfa-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce. Sai dai idan ana so ya yi ƙarko, ba a cin fiye da rabinsa kafin a sake caji. Ke nan abin da ke hannun mai shi 600 ne.

To, mene ne bukatar masunci a dare guda? A ce fitilun LED biyu masu wat 3 kowace, su kwana a kunne awa 10, sun ci 60. Babbar fitilar hasko hanya mai wat 30, idan aka tara duk lokutan da aka kunna ta suka kai awa ɗaya, ta ci 30. Wayoyi biyu masu manyan batura, kimanin 50. Ƙaramin famfon kwashe ruwa na rabin awa, kusan 20. Jimla bai wuce 160 ba, ko kashi ɗaya cikin uku na abin da ke hannu bai kai ba.

Yanzu a kawo inbatar gida mai kVA ɗaya, irin mai nauyin nan da ke da taransifoma a ciki. Da yawa daga cikinsu na shan amfa ɗaya da rabi zuwa biyu suna zaune, wato kusan wat 20. A awa 10, ta lashe 200. Ma'ana, na'urar da aka saya don ta yi hidima ta fi dukkan fitilu da wayoyi da famfo ci idan aka haɗa su. Ɗan aike ya cinye fiye da saƙon da aka ba shi.

Abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikin kayan da aka lissafa a sama da ke bukatar wutar soket. Fitilun LED masu bolt 12 suna nan a kasuwa, a wurin masu sayar da kayan mota da na Keke Napep. Famfon kwashe ruwa na jirgi da wutar batir yake aiki. Waya kuwa bolt 5 take sha, kuma cajar mota mai ramin USB na ba ta kai tsaye. Wanda ya jona cajar waya a inbata ya ɗaga wuta daga bolt 12 zuwa 230, sannan ya sake sauko da ita zuwa 5, yana biyan haraji a hawa da sauka. Ga mafi yawan kwale-kwalen da ke kan tafkin Daɗin Kowa, hanya mafi tsimin wuta ita ce a bar inbata a shago.

Wanda dole sai ya saya

Akwai waɗanda wannan magana ba ta ishe su ba. Mai sarin kifi da ke bin masunta a kan ruwa yana tara karfasa da tarwaɗa don kai wa kasuwar Gombe, babban abokin gabansa zafi ne. A watannin Maris da Afrilu, ma'aunin zafi a wannan yanki kan kai digiri 40, kuma kifin da aka kama da asuba ba ya jiran azahar. Wanda bai samu ya sayar ko ya yi banda da wuri ba, ya san abin da ake nufi da karyewar jari. Irin wannan mutum shi ne ke tunanin ɗora firiza a jirgi.

Kafin ya kai ga inbata, akwai matakai biyu masu araha. Na farko ƙanƙara ce da aka daskarar a tudu, a zuba ta cikin kula mai kaurin jiki. Na biyu firiza mai aiki da wutar batir kai tsaye, irin wadda ake sayarwa tare da kayan sola. Ta fi tsada a ranar saye, amma tana tashi a hankali, ba ta fizgar wuta, kuma ba ta bukatar mai shiga tsakani.

Idan kuwa firizar gida ce a hannu, to lallai sai da inbata, kuma a nan zaɓi yake da muhimmanci. Matsakaiciyar firiza kan sha wat 100 zuwa 150 tana aiki, amma a daidai lokacin da injinta ke tashi, takan fizgi ninki biyar ko fiye na ɗan lokaci. Don haka inbata mai wat 300 za ta yi ta ƙara tana mutuwa, mai wat 3,000 kuma ɓarna ce. Mai wat 800 zuwa 1,000, wadda aka rubuta cewa tana jure ninki biyu na 'yan daƙiƙoƙi, ita ce daidai ruwa daidai tsaki. A kuma kula da bambancin kVA da wat, domin inbatar da aka rubuta wa kVA ɗaya galibi wat 800 take iya bayarwa.

Sannan akwai batun irin wutar da take fitarwa. Wata tana fitar da wuta mai santsi, mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa, irin ta kamfanin lantarki, ita ce 'yan kasuwa ke kira fiyo sayin. Wata kuma wutarta hawa-hawa take kamar matakala, ana ce mata modifayid, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Ƙwan fitila ba ruwansa da bambancin. Amma injin firiza yana ɗaukar zafi da wuta mai matakala, yana gurnani, yana ƙara shan wuta, kwanansa kuma na raguwa. Arahar da aka samu a shago, a wurin mai gyaran firji ake biyan ta.

Akwai gwaji guda da ya kamata a yi kafin kuɗi su bar aljihu. A nemi mai shago ya jona inbatar a batir, ya kunna ta ba tare da an saka mata komai ba, a ɗora mita a kan wayar batir a ga amfa nawa take sha. Mai wat 1,000 ta kirki bai kamata ta kai amfa ɗaya ba. Mai shagon da ya amince da kayansa ba zai ƙi wannan ba. Gwajin ya fi rubutun jikin kwali amfani, tun da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta daɗe tana fama da kayan lantarki marasa inganci da ke shigowa kasuwannin ƙasar nan. Bayan haka, a sa mata makunni a inda hannu ke kai wa, a kashe ta duk lokacin da ba ta da aiki.

Caja ce ke yanke wa batir kwana

Mutane kan zauna su yi ta muhawara a kan inbata, idan aka zo kan caja sai a ce a ba da kowace iri. Alhali batir, wanda shi ne mafi tsada a cikin kayan, a hannun caja rayuwarsa take.

Batirin dalma yana son caji mai mataki uku. Da farko a ba shi wuta da ƙarfi har ya kai kimanin bolt 14.4, sai a tsayar da shi a nan na wasu awoyi yana tsotsa a hankali, sannan a sauko da shi wajen 13.6 don ya huta. Tsohuwar cajar taransifoma, irin wadda ake gani a rumfar masu cajin batir, ba ta san wannan ba. Ita dai tura wuta take yi har ruwan batir ya tafasa. Zafin Gombe kuma yana ƙara dagula lamarin. An ƙiyasta ƙarfin batura ne bisa yanayi mai digiri 25, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba kwanan batirin dalma biyu. Caja mai kyau tana da na'urar jin zafi, tana rage ƙarfin caji idan gari ya ɗau zafi. Batirin da aka ajiye a tsakiyar kwale-kwale rana na dukan sa, ko wace caja aka ba shi, ba zai ga shekara ta biyu da lafiya ba.

Girman caja ma abin dubawa ne, musamman ga wanda zai riƙa kai batir gida ya jira wutar kamfanin JED. Batir mai amfa-awa 100 da aka ci rabinsa yana bin bashin sama da 50. Caja mai amfa 5 za ta bukaci fiye da awa 10 kafin ta biya, kuma unguwanni da dama ba sa samun wuta ta wannan tsawo a jere. Sakamakon haka shi ne batir ya koma ruwa bai cika ba, yau da gobe gishiri ya daskare a jikin farantansa, ƙarfinsa ya yi ta raguwa, mai shi ya ɗora laifin a kan mai shago. Caja mai amfa 10 zuwa 15 ita ce ta dace da batirin wannan girma. A kuma nemi wadda ke karɓar wuta ko ta yi ƙasa, domin a wurare da yawa abin da ke isowa soket da yamma ba ya kusantar 230.

Inbata mai haɗe da caja a cikinta, wadda ita ce ta fi yawa a shaguna, an yi ta ne don ta zauna jikin bango, ta yi caji idan an kawo wuta, ta ba da wuta idan an ɗauke. A jiragen shaƙatawa na Turai da Amurka tana da amfani, saboda a tashoshinsu akwai soket a bakin ruwa. A gaɓar Daɗin Kowa, inda ake ɗaure kwale-kwale a jikin turke, ɓangaren cajar nauyi ne kawai ake yawo da shi. Gara a raba su, caja ta zauna a gida inda ruwa ba ya taɓa ta.

Abin da ya fi dacewa da kan ruwa shi ne sola. Faranti mai wat 200, a ranar Gombe, zai iya tara kimanin wat-awa 700 a wuni, idan ana goge masa ƙurar hunturu. Amma tsakaninsa da batir dole a sa na'urar daidaita caji, kuma iri biyu ce, PWM mai araha da MPPT mai tsada. Idan ƙaramin faranti ne mai wat 100, wanda aka ƙera don batirin bolt 12, PWM ta wadatar. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayi babban farantin rufin gida mai wat 550, saboda idan aka raba kuɗinsa da wat ya fi sauƙi, sannan a haɗa shi da PWM. Wannan faranti kusan bolt 40 yake fitarwa a kan amfa 13. PWM za ta janyo shi ƙasa zuwa ƙarfin batir, abin da zai shiga bai kai wat 200 ba. An biya kuɗin 550, an tashi da kashi ɗaya cikin uku. MPPT ce kaɗai ke iya juya rarar bolt ɗin ta zama caji.

Ko da an warware wannan, babban faranti yana da wata illa da ba ta shafi lantarki ba. Tsawonsa ya haura mita biyu. Duk wanda ya san iskar da ke gabatar da ruwan farkon damina ya san abin da za ta yi da irin wannan allo idan aka kafa shi a saman siririn kwale-kwale. Ƙananan faranti biyu da aka kwantar ƙasa-ƙasa sun fi kwanciyar hankali.

Masu inji suna da wata 'yar kafa. Injin Yamaha Enduro mai doki 40, wanda ya zama ruwan dare a kogunan Najeriya, yana da nadin wayar fitila da ke ba da kimanin wat 80 idan yana gudu. Da ƙaramar na'urar daidaita wuta, wannan zai iya taimaka wa batirin dalma. Taimako ne kawai, ba zai ɗauki firiza ba.

Batirin litiyam, musamman nau'in LiFePO4, ya fara sauka a farashi, kuma ga jirgi yana da fa'ida babba. Mai amfa-awa 100 nauyinsa bai wuce kilo 12 ko 13 ba, na dalma kuwa kusan 30, sannan ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa ba tare da ya cutu ba. Dogon batirin ruwa na gida mai amfa-awa 200 ya haura kilo 50, ga asid da ke zuba idan jirgi ya yi tangaɗi. Sai dai litiyam yana da tasa cajar, kuma bai kamata a jona shi kai tsaye a injin jirgi ba. Na'urar da ke tsaron sa takan yanke wuta farat ɗaya idan ya cika, wannan yankewa kuma na iya ƙona abin daidaita wutar injin.

Ruwa, fetur da tartsatsi

Bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi. Amma inbata mai wat 1,000 idan tana aiki da dukkan ƙarfinta, kusan amfa 90 take ja daga batir. Siririyar wayar da ake ɗinka fitilar ɗaki da ita narkewa za ta yi. Ana bukatar waya mai kauri, ta tagulla zalla, kuma gajera. Ƙa'idar masu ƙera jiragen ruwa a Amurka ta ce a sa fiyus a tazarar da ba ta wuce inci 7 daga kan batir ba, wato ƙasa da kamu ɗaya. Dalilin a fili yake: idan waya ta goge ta haɗu, batir zai juye duk abin da ke cikinsa cikin daƙiƙoƙi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, daidai inda aka saba ajiye batir kusa da jarkar mai. Kwale-kwalen katako da ya kama wuta a tsakiyar tafki ba shi da maƙwabcin da zai kawo guga.

Wutar soket kuwa haɗarinta ya fi haka, kuma a ruwan daɗi ya fi muni fiye da a teku. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da jikin mutum, don haka wutar kan bi ta gefensa. A ruwan kogi jikin mutum ne hanya mafi sauƙi. Wuta kaɗan da ta zurara daga firiza mai lahani ta isa ta sandarar da gaɓoɓin wanda ya shiga ruwa don kwance koma, ya nutse ko da gwanin iyo ne. Duk jirgin da aka sa wa inbata yana bukatar na'urar yanke wuta mai jin yoyon miliamfa 30, wadda ma'aikacin lantarki ya haɗa ya kuma gwada, sannan inbatar ta zauna cikin akwati a sama da inda ruwa ke taruwa, da kafar shan iska. Ga na'urar daidaita caji da fitilu, a duba alamar IP65 ko IP67, ita ce shaidar cewa feshin ruwa ba zai shige su ba.

Akwai kuma masu karkatar da batir da inbata zuwa kashe kifi da lantarki. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta hakan, tare da amfani da guba da abubuwan fashewa, domin ba ya barin babba ba ya barin ƙarami.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, ta sha nanata haramcin jigilar fasinja da dare, bayan haɗurran da suka ci rayuka da dama a jihohin Neja, Kwara da Kebbi. Amma sana'ar su ba ta bin agogon ofis. Da yamma ake zuba koma, da asuba ake ɗagawa, kuma tsakanin waɗannan lokuta fitilar da ke saman kwale-kwale ita ce ke sanar da mai inji cewa akwai mutum a gabansa. Wannan fitila ya kamata ta samu nata layin da nata fiyus, ta yadda ko inbata ta lalace, ita ba za ta mutu ba. Wasu ma kan ware mata ɗan ƙaramin batir nata na daban.

A tafkin Biktoriya da ke Gabashin Afirka, masu kamun ƙananan kifi da dare sun daɗe suna dogaro da fitilar kananzir mai famfo. A shekarar 2008 kamfanin Osram na Jamus ya buɗe wata tashar caji mai aiki da sola a garin Mbita na Kenya, inda masunci ke karɓar fitila da cikakken batir, ya dawo da shi bayan aiki a musanya masa da wani. Farantai da cajoji duk suna tudu, a hannun wanda ya san aikinsu, abin da ke shiga jirgi batir ne da fitila kawai. Tsarin bai fi ƙarfin ƙungiyar masunta ko wani matashin ma'aikacin sola daga Gombe ba: rumfa ɗaya a bakin ruwa, farantai a kan rufinta, caja mai mataki uku, da littafin rubuta sunan wanda ya karɓa da wanda ya dawo da shi.